Giris a Bakin Bindigar Twila

Zuwa ga Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya gwiwar taki? Mu muna nan Dillon, ana ta haƙuri.

Yaya, ƙuri'ar samun izinin farautar ragon dutse ta faɗo kan 'yata Twila. Kin san ubanta Orval ya yi ta nema har ya rasu bai samu ba. Da bindigar da ya haɗa mata a ƙarshe za ta je. Sai dai jagoran farautar ya ce ba ya hawa dutse da bindiga mai hular ƙarfe a baki, wadda ke rage dukan kafaɗa, don ƙararta na kashe kunne. Dole a kwance ta.

Nan ne tsorona. Duk zamansa a shagonsa na haɗa bindigogi, Orval bai taɓa murɗa irin hular nan ba sai ya shafa wani giris mai ruwan toka, don kada zafi ya haɗe ƙarfe da ƙarfe. Amma wannan ya ɗaura ta ne bayan ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa, lokacin da yake kirana da sunan mahaifiyarsa. Abokinsa Merle ya ce in a bushe Orval ya murɗa ta, sai dai a yanke bakin, kuma nan Orval ya sassaƙa sunan Twila. Ita ko ta rantse gara ta fasa farautar da a sa zarto a aikin Babanta.

Asabar Merle zai zo. Ko abinci ba na iya ci. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Nadine

Yaya Verna,

Na ga amsarki, na gode. Ya ƙarfin jiki?

Merle ya zo da sifana, har da zarton, ya ajiye a gefe. Twila ta ce masa, "Kawu, in ka taɓa wancan, da shi zan aske maka gemu." Ya ce ai gemun ya fi hular taurin kai. Babu wanda ya yi dariya.

Ya ɗaure bindigar a teburin Orval, ya kama hular da sifana, ya ja. Shiru. Ya sake ja har wuyansa ya yi jawur. Na juya baya, ina cewa a raina ashe mutumin da na yi jinya ya riga ya tafi tun kafin mu binne shi.

Sai na ji ƙit. Hular ta juya, Twila ta ƙarasa kwance ta da yatsu.

Giris ne, Yaya, shafe tas yadda Orval ya saba. Ya manta sunana, amma bai manta wannan ba. Merle ya fita wai zai duba motarsa, ya daɗe bai dawo ba.

Twila ta hau dutse jiya. Ni na dangwala yatsa a giris ɗin, ya ɓata min hannun riga. Ban wanke ba.

Ki gaida yara.

Taki,
Nadine