An ce gam nake zubawa a yogot

Salama a gare ku 'yan gida. Admin a taimaka a ɓoye sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni matar aure ce a Samaru, kimiyyar abinci na karanta, kuma binciken digirina na biyu a kan ƙwallon taura na yi shi. Mu mun saba mu sha taura mu yar da ƙwallon, amma matan Ibo na kasuwar Sabon Gari da shi suke kaɗa miya ta yi kauri. Abin da ke kawo kaurin nan, a makaranta gam muke ce masa. Na sha baƙar wahala kafin na gane yadda ake fitar da shi fari tas babu gafi, suyar ƙwallon in ta zarce ya yi duhu, ruwan jiƙo in ya cika zafi ya ɓaci, in ya yi sanyi ya ƙi fita, na zubar da kwaɓi ya fi a ƙirga, yatsuna duk sun sha guduma wajen fasa ƙwallo.

Da aiki ya ƙi samuwa sai na fara yogot a gida, ina sa gam ɗin ɗan kaɗan a ciki. Nawa ba ya tsinkewa ko an wuni ba wuta, har masu shaguna a Basawa suka fara karɓa.

Rannan yayar mijina ta zo ta same ni ina tace gam ɗin a ƙyalle, ta ce mene ne wannan, ni kuma da bakin 'yan boko na ce Yaya ai gam ne. Ba ta ƙara tambaya ba, ta sha yogot kofi biyu ta tafi. Kafin Lahadi magana ta zaga zumuntar mata a cocinmu, wai gam nake zubawa, irin na liƙe takalmi. Wata har ta ce shi ya sa ɗanta ya kasa bayan gida, hanjinsa ne ya manne. Shaguna suka dawo min da kaya, matan da muke waƙa tare suka daina gaishe ni da kyau.

Na je na sami Yaya har gida, ta ce ita ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, wai ni da bakina na ce gam ko ban ce ba? Maigidana kuwa ba abin da ya iya sai in yi haƙuri, wai ita ta riƙe shi bayan rasuwar mamansu. To ni wa zai riƙe min sunana?

Yanzu shugabar zumunta ta ce mafita ɗaya ce, in kawo ƙwallon da tukunyata in yi aikin a gaban mata tun daga suya har shanya, kowa ya gani da idonsa. Na so in yarda, sai na ji ashe Yaya ta fara nata yogot ɗin, tana kai wa shagunan da suka kore ni, amma nata ruwa yake kwantawa a sama. Kuma ita ce ta fara cewa za ta zo, har tana tambaya ko za a bari ta ɗauka a waya.

In na ƙi, za a ce da ma da gaske ne. In na yi, na wanke kaina, amma na koya mata sana'ata kyauta a gaban jama'a, har in ce mata na gode da zuwa. Ku a matsayina, wanne za ku haɗiye?