Mai Karanta Saƙonnin Raliya

Kura,
4 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga Yayata Mansura,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ke da Baban Nafisat da yara. Ya makaranta, ya fama da ɗalibai? Mu nan alhamdu lillahi, an fara yankan shinkafa, ko'ina aka duba shanya ce.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Malam Baballe direba alhali ga waya. Wayar ce na daina yarda da ita. Kada ki kira ni a kan wannan maganar, ki rubuto ki ba shi.

Yaya, wani yana karanta saƙonnina. Kusan wata biyu ke nan, duk wanda ya yi mini magana a shafina na Fesbuk yana son shinkafa, kafin in gama gumi in kai inji sai in ji shi shiru. Da farko na ɗauka halin kasuwa ne. Sai ranar Talata Hajiya Sa'adiya ta kira ni, matar nan da ke sayen abincin wata makarantar kwana a Kaduna, wadda ta same ni ta ɗaya shafin nawa na Linkedin da kika buɗe mini. Ta ce, "Raliya, shafi biyu gare ki ne?" Na ce a'a. Ta ce awa uku bayan mun yi magana, wani shafi mai suna Zallar Shinkafar Kura ya aiko mata da saƙo. Ya faɗi irin shinkafar da ta nema, da ranar da take so a kai mata, har da cewa ba ta son wadda ta yi ja don yaran ba sa ci. Wannan maganar ni kaɗai ta rubuta wa.

Na shiga shafin na duba. Hotunana ne, Yaya. Tabarmata ce, farin kwanona ne, a wani ma ga gefen hannuna da lalle. Babu sunan kowa sai lambar waya, na kira sau huɗu ba a ɗauka ba.

Ba na son in faɗa, amma zuciyata ta tsaya a kan Rauda ta Bunkure. Kin san shekara uku muna sana'ar nan tare, ita ke ɗaukar hoto ni ke amsa wa masu saye, kuma ita kaɗai ke iya shiga shafin bayan ni. Kwanan nan ta daina zuwa gumin ranar Alhamis, wai ciwon baya. In na shigo mata ɗaki sai ta kife wayarta a kan cinya. Da ba haka take ba.

Ki ba ni shawara. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Raliya.

Dawakin Kudu,
8 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga ƙanwata Raliya,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso ni lafiya, na kuma karanta ta a tsanake. Muna amsa gaisuwa. Ina fatan ke da maigidanki kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya sa a gama girbi lafiya.

Abu na farko, ki kwantar da hankalinki. Satar hoto ba sabon abu ba ne, duk mai kasuwanci a waya ta san shi. Wata malama a makarantarmu mai sayar da turaren wuta an yi mata haka, ta yi banza da su, suka gaji suka bari.

Abu na biyu, kada ki kama sunan kowa. Ba ki gani da idonki ba. Ita Hajiyar Kaduna ma ai ba ki san ta ba sai a waya, wa ya sani ko wasu ta tambaya farashi ta manta? Rauda kuwa ban taɓa ganin wani mugun hali a tare da ita ba. Ki bar ta.

Abu na uku, kada ki taɓa komai a shafukan tukuna, kada ki kai wa kowa wayarki. Ki ba ni mako biyu in duba daga nan. Ina kyautata zaton abin zai tsaya da kansa.

Ki gaida Baba in kin leƙa gida, ki ce masa ina nan tafe in an yi hutu. Allah ya rufa asiri.

Yayarki,
Mansura.

Kura,
19 ga Nuwamba, 2024.

Yaya Mansura,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri, ban bi shawararki ba.

Washegarin ranar da na sami takardarki wasu masu saye biyu suka sake sulalewa, ɗaya ma na riga na jiƙa shinkafarta. Raina ya ɓaci, na cire Rauda daga shafin ban gaya mata ba. Ranar Asabar a taron ƙungiyarmu ta mata masu gumi aka tambaye ni me ya sa ban kawo nawa kason aikin makarantar Kaduna ba. Sai na ji bakina ya ce, "Ku tambayi wadda muke cin abinci a kwano ɗaya tana kwashe mini masu saye." Ban kira suna ba, amma kowa ya waiwaya ya kalle ta. Rauda ta miƙe. Ta gyara hijabinta ta fita, ko takalminta ba ta tsaya sawa daidai ba. Na ji an ce mata uku sun janye daga haɗa shanshera da ita, wato shinkafar da ba a casa ba.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Kwana huɗu bayan na cire ta, wani mai gidan abinci a Zariya ya rubuto mini, kuma kafin la'asar wancan shafin ya same shi. Shi da kansa ya turo mini hoton saƙon yana tambaya ko mu ɗaya ne.

Yanzu ban san wa zan kalla ba. Ko ta saka mini wani abu ne a waya kafin in cire ta? Jiya maigidana ya ɗauki wayar zai duba lokaci, na fizge ta daga hannunsa. Ya tsaya yana kallona. Har matar da ke tsince mini tsakuwa na fara sa wa ido, matar da ko sunanta ba ta iya karantawa.

Yau na kai wayar wajen mai gyara a kasuwa. Ya duba ya ce babu komai a cikinta. Amma ya tambaye ni, da wane imel aka buɗe shafukan, kuma a kan wace na'ura? Ya ce duk wanda imel ɗin ke buɗe a wajensa zai iya shiga ba tare da ya taɓa wayata ba. Na ce Yayata ce ta buɗe mini duka biyun, zan tambaye ta. Don Allah ki rubuto mini imel ɗin da lambar sirrinsa, ki ba Malam Baballe gobe.

Ina jira. A gaida yara.

Raliya.

Bunkure,
28 ga Nuwamba, 2024.

Raliya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya ke da Malam Suhaibu. Tunda kin toshe lambata, ga takarda.

Ban zo roƙon ki mayar da ni shafi ba. Sunana na zo karɓa. Maganar da kika yi a taro ta riga ni isowa Bunkure. Surukata ta kira ni ɗakinta ta tambaye ni ko gaskiya ne na ci amanar abokiyar sana'ata. Shekarata tara a gidan nan, ba a taɓa yi mini irin wannan tambayar ba.

An ce kina cewa ina ɓoye waya, ina ƙaryar ciwon baya. Ciki ne da ni, Raliya, wata huɗu. Kin san biyu sun zube a baya, kin san yadda na ji da mutane suna zuwa yi mini jaje. Wannan karon na ce ba zan gaya wa kowa ba sai ya tsaya. Malamar asibiti ce ta hana ni tsayuwa a gaban wutar gumi, ita nake rubuta wa a waya. Ke ce ta farko da na yi niyyar gaya wa.

Da na ga ba wanda zai wanke ni, sai na ari wayar Gwaggona na rubuta wa wancan shafin da sunan Mairama, na ce ina son buhu ɗaya amma sai na ga kayan da idona. Sai da aka yi kwana biyu ana yi mini tambayoyi kafin a ba ni kwatance, wani shago a Kwanar Dawaki, bayan masu faci. Ranar Litinin na sa niƙabi na hau mota na je.

Mutumin da ya fito ya kwance mini bakin buhu na san shi. Malam Mika'ilu ne, mijin Yayarki Mansura. Ni na zuba masa abinci ranar sunan ɗanki. Bai gane ni ba. A kan teburinsa akwai laftof a buɗe, kuma da ya juya zai ɗauko kwano na ga hotonki a gefen allon, da jerin saƙonnin masu saye a ƙasa. Na ce masa shinkafar ta yi mini tsakuwa, na fito. Gaskiya ce kuma, ta yi tsakuwa.

Ban gaya wa kowa ba, ko maigidana, don 'yan'uwanki ne. Ban san ko Yayarki ta sani ba. Ke za ki tambaya.

A gaban mata kika faɗa, a gabansu nake so ki janye. Allah ya ba mu alheri.

Rauda.

Dawakin Kudu,
1 ga Disamba, 2024.

Ƙanwata Raliya,

Assalamu alaikum. Malam Baballe ya kawo mini ambulan, na buɗe na ga takardar Rauda ce a ciki, babu ko kalma ɗaya daga gare ki. Na gane.

Abin da ta faɗa gaskiya ne. Da imel ɗina na buɗe miki shafukan, a kan laftof ɗin Baban Nafisat, ban kuma fita daga ciki ba don ban san ana fita ba. Tun da ya fara sarin shinkafa bayan Sallah yake tafiya da laftof ɗin shago.

Ba zan ce miki ban sani ba. Ranar da na karanta takardarki ta farko na zarge shi, don na taɓa jin ya ambaci wata makaranta a Kaduna. Washegari da ya shiga wanka na buɗe laftof ɗin na gani. Na yi masa magana. Da farko ya ce ai kasuwa ta kowa ce, ke ba ki da ƙarfin cika manyan oda, shi ɗauka yake abin da zai fi ƙarfinki. Da ya ga ina kuka ya ce in ba shi mako biyu ya sayar da abin da ya sara, zai rufe shafin. Shi ne mako biyun da na roƙe ki. Na ɗauka zan iya kashe maganar ba tare da kin ji ba, ba tare da Baba ya ji ba, in tsira da aurena da 'yar'uwata gaba ɗaya.

Da takardarki ta biyu ta zo na ga abin da ya sami Rauda, na ɗauki biro sau uku ina ajiyewa. Kwana tara takardar tana cikin jakata ina zuwa da ita makaranta. Na san yarinyar nan ba ta yi komai ba, na yi shiru. Wannan laifina ne, ba nasa ba.

Jiya na ce masa in bai goge shafin a gabana ba, zan ɗauki yara in tafi Kura in faɗa wa Baba da bakina. Ya goge. Tun daga lokacin bai yi mini magana ba. Ga imel ɗin da lambar sirrin a ƙaramar takardar da na naɗe, ki kai wa mai gyaran ya canza komai zuwa sunanki.

In kina so in je Bunkure in durƙusa wa Rauda, zan je. In kina so Baba ya ji, ba zan hana ki ba. Ki yafe mini in za ki iya.

Yayarki,
Mansura.

Kura,
9 ga Disamba, 2024.

Yaya,

Salamu alaikum. Na sami takardar, an canza komai.

Ranar Asabar na miƙe a taro na ce ƙazafi na yi wa Rauda, na nemi gafararta a gaban kowa. Suka ce to waye? Na ce an gano shi, an kuma rufe shafin. Rauda tana zaune, ita ma ba ta kama sunan kowa ba. Da aka tashi na bi ta har bakin titi. Ta ce ta yafe, amma shafinta za ta buɗe ita kaɗai. Ban ga laifinta ba.

Ki je Bunkure, amma ba don ni ba.

Baba bai ji ba, kuma ba daga bakina zai ji ba. Ranar Lahadi ne sunan jaririn yayanmu Gidaɗo, ki zo da yara. Shi kuma Baban Nafisat, ki ce masa kada ya zo tukuna. Ban san abin da zan faɗa ba in na gan shi.

Ƙanwarki,
Raliya.