Motar Baba Ta Sha Mai

Juma'a, 3 ga Mayu, 2024

Motar Baba ta sake yi mini. A ƙofar gidan Malam Gidaɗo, bayan an sauko daga masallaci, masu wucewa suna yi mana sannu kamar an yi mana rasuwa.

Tun da idon Baba ya yi rauni ya miƙo mini makullin tsohuwar motarsa, duk Juma'a nake rufe shago in taso daga Gidan Igwai in ɗauke shi a Ƙofar Rini. Motar ta girmi aurena nesa ba kusa ba. Baba ba ya wuce aboki bai tsaya ba, kuma in an tsaya sai an kashe inji, wai gaisuwa mota tana ƙugi rashin ladabi ne. Shi da Malam Gidaɗo kuwa har awaki sai sun tambayi lafiyarsu.

Da suka gama na murza makulli. Baba ya ce, "Bubbuga mata totur ta hwalka." Na bubbuga. Ta yi tari, ta yi shiru, warin fetur ya cika motar. Muka zauna. Ni ɗan fari ne, ni da Baba ba ma hira, shi kunya ni kunya, kowa ya kama kallon tagarsa har ta ga dama ta tashi.

Asabar, 4 ga Mayu

Labari ya kai wa ƙanena Bashar. Ya zo shago da motarsa mai sanyi, ko kashe ta bai yi ba. "Yaya, tsoho cikin zahin ga? Ka bari ni riƙa ɗaukar shi." Na ce ya je zan yi tunani. Tunanin me! Shi kullum yana ɗakin Baba suna ta dariya. Ni Juma'ar nan kaɗai gare ni, ita ma ya sa mata ido.

Litinin, 6 ga Mayu

Na kai ta wurin Elisha bakanike a Minanata. Ya kwance fulogi ya kai mini hanci, jiƙe sharkaf. Ya ce obafulo ne, wato mai ya yi mata yawa. Duk bugun totur ɗaya fetur nake watsa wa kafireta, inji da zafinsa ba ya buƙata, sai ya shaƙe. In za ni tayar kada in taɓa totur sam. In kuma ta riga ta sha, in danne shi ƙasa in riƙe, in murza, ko in jira fetur ya bushe.

"Wa ya koya maka bubbugawan nan, Alhaji Habibu?"

Na ce wani ne a kasuwa.

Talata, 7 ga Mayu

Matata Lantana ta ce in gaya wa Baba kawai. Ita komai kawai ne. In dubi mutumin da ya koya mini tuƙi in ce ya yi kuskure? Da wane bakin?

Juma'a, 10 ga Mayu

Na yi niyyar bin maganar Elisha. Baba ya ce bubbuga. Na bubbuga.

Muka tura ta inuwar dogon yaro, na buɗe bonet don mutane su ga kamar ana wani abu. Da na dawo na zauna sai na ji Baba yana magana. Ba da ni ba, da sitiyari yake. Wai tana sabuwa ta taɓa mace masa a hanyar Wamakko, daga shi sai Inna, Allah ya ji ƙanta. "Innarku tat tura ta, da sabon zanenta. Da tat tashi nij ji tsoron tsayawa kar ta sake mutuwa, sai nit tahi nib bar ta tana biyo ni da gudu." Dariya ta taso mini, na mayar da ita tari. Ban taɓa jin ya ambaci Inna a gabana ba.

"Da tac cim mani, ka san mi tac ce?"

Hannuna, don iyayi, ya murza makulli. Ta tashi. Baba ya gyara hula, bai ƙarasa labarin ba har gida. Na ji haushin kaina ƙwarai.

Juma'a, 17 ga Mayu

Yau abin ba dariya. A hanyar zuwa muka haɗu da Malam Gidaɗo, aka kashe, aka gaisa, aka bubbuga. Mun rasa huɗuba, mun yi salla a kan kwalta, dardumar Baba kamar an sauke ta daga tanda. Na ga yadda yake ɗaga ƙafa. Kunya ta kashe ni.

Bashar ya yi ta faɗa a zaure, kuma gaskiyarsa. Baba ya ce masa, "In ta ƙara, sai kai ka riƙa zuwa."

Laraba, 22 ga Mayu

Na samo dabara. Baba gwiwata yake gani, ba ƙafata ba, babbar riga ta rufe sauran. Zan kafa ƙafa a gefen totur in yi ta kaɗa gwiwa. Na sa Lantana ta zauna a kujerar Baba muka gwada a ƙofar gida. Tana ta ƙaƙalo muryar tsoho, "Bubbuga, kai wane!" Ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Ta ce na yi kama da tela.

Juma'a, 24 ga Mayu

Ta yi aiki! Gwiwa na rawa, totur na hutawa, murzawa ɗaya ta tashi. Malam Gidaɗo har da kabbara. Muka iso gida nan da nan. Baba ya sauka ya ce Allah shi yi albarka, ya shige.

Shi ke nan. Bashar ya ja bakinsa, Juma'a tawa ce. Ya kamata in yi murna.

Lahadi, 26 ga Mayu

Miyar Lantana ba gishiri kwanan nan. Ta ce bakina ne.

Juma'a, 31 ga Mayu

An sauko, an tsaya, an gaisa. Na ajiye motar a ƙarƙashin dogon yaron, saboda rana ce kawai. Baba bai ce bubbuga ba yau, ina jin ya manta.

Ƙafata ta zame kan totur. Takalmin nan ya cinye, na daɗe ina cewa zan sake shi. Ta zame, ta sake zamewa, har dai warin fetur ya taso. Na san abin da Baba ya faɗa wa Bashar a zaure.

Baba ya shaƙi iska. Ya juyo ya dubi gwiwata, wadda yau ba ta yi wata rawa ba.

"Ta sha mai?"

"Awo, Baba."

Ya cire hula ya ɗora a cinya, ya sauke gilashi. Abin da Inna ta ce masa a hanyar Wamakko ba na rubutawa ba ne, amma na yi dariya a gaban Baba har da hawaye, shi ma kafaɗarsa tana girgiza. Daga nan ya shiga wani labarin.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Bashar ne, wani ya gan mu. Ya ce ga shi nan tafe ya ɗauki Baba. Na rufe wayar da hannu na faɗa wa Baba.

"Ce mishi shi yi zamanshi," in ji Baba. "Gyara muka yi."

Ban ko buɗe bonet ba.