Karsanar Inna

Daga Kumasi, watan Rajab

Zuwa ga yayana Manu, a Dogo-Dogo. Ina gaishe ka da Fadi da yara. Yaya ƙafar Bappa?

Ni lafiya lau, dakon goro muke yi. Ciwon ƙirji ne ya ɗan kwantar da ni, wata tsohuwa da ban sani ba ta riƙa kawo mini kunu, ta ƙi karɓar komai.

Don Allah, karsanar da na gada wurin Inna, a kai wa Ƙande, tunda mijinta ya rasu ba ta da ko akuya. In ta haihu, maraƙin na Ƙande ne, uwar kuma ta wuce gidan wani mabuƙaci, haka gida-gida. Allah ya kai wa Inna ladan.

Ku kai ta yanzu, kada ku jira dawowata.

Ƙanenka, Sabo