Kaurin Da Maijego Ba Ta Ci Ba

Daren Laraba, Kazaure

Gida ya yi tsit, sai ƙamshin kaurin da surukan Hauwa suka aiko daga Roni. Ƙafafun saniya ne, sun sha yaji, irin wanda ake yi wa maijego ta mayar da jini. 'Yar tawa ta buɗe kwanon, ta rufe a hankali, ta ce, "Umma, ki yi haƙuri, kin san tun ina karatu a Indiya na bar nama."

Yaya Asabe ta tafa hannu. "Maijego ba nama? To da me za ta shayar?"

Na tashi na ɗauko zogale. Dama malamar asibiti ta ce jinin Hauwa ya yi ƙasa, a dage da wake da zogale da ƙwai, kuma kada ta tsallake ƙwayar ƙarin jini ko sau ɗaya.

Ina gyaran zogalen sai na ga kamar Innata ce zaune a tsakar gidanmu na Gwiwa, tana jegon autanmu da kwaɗo da kunun gyaɗa, tana rufe kwano idan baƙi suka yi sallama, don kunyar babu nama. Abin da Inna ta ɓoye, shi jikarta ta zaɓa.

Ɗazu jaririn ya sha har nono na bin haɓarsa. Na daɗe ina kallonsa.

Kaurin kuwa ni na cinye. Gobe kwano zai koma Roni a wanke, su yi ta sa wa maijego albarka.