Katakon Hafizu a Cikin Kwalba

Tungan Maje, Abuja,
14 ga Janairu, 1992.

Zuwa ga Yaya Nababa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da mutanen Katsina baki ɗaya, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan yara lafiya lau, maigida ma yana gaishe ka. Amma Yaya, nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, don ƙanenmu Hafizu yana kwance a asibiti.

Ka san tunda gwamnati ta taso daga Ikko ma'aikata suka cika ko'ina, aikin kafinta ya buɗe masa. Cikin baƙin akwai wani Alexander, mai daɗin baki, ya riƙa zuwa rumfarsa yana tsince gutsattsarin katako, wai na hura wuta. Ashe la'ananne zubawa yake a 'yan kwalabe, ya haɗa da takarda mai hatimi, ya sayar wa 'yan Katolika, wai guntun gicciyen Yesu ne daga Roma, yana warkar da kowace cuta. Fadan cocinsu ya sha gaya musu ƙarya ce, ba su ji ba. Wata mata har ta ɗauke 'yarta daga asibiti saboda kwalbar, yarinyar ta rasu.

Ranar Asabar Hafizu ya kai benci cocin, ya tarar ana zaman makoki. Ya hango kwalbar a hannun uwar. Ka san shi, baki ba linzami! Maimakon ya ajiye kaya ya kama gabansa, sai ya matsa ya duba, ya ce ai wannan katakonsa ne, ga ma baƙin man da yake shafawa saboda gara. Shi a ganinsa taimako ya yi. Su kuwa abin da suka fahimta shi ne da shi aka haɗa baki. Suka yi masa ca, suka ja shi ƙasa, wannan da bulo, wannan da ƙafar benci. Kawun yarinyar ya zaro guduma daga jakar Hafizun, ya take hannunsa na dama, ya yi ta kirɓa sai da ƙashi ya fito. Fada ne ya faɗa kansa ya rufe shi da jikinsa, shi ma suka fasa masa goshi kafin su ja da baya. Daga nan suka je suka cinna wa rumfar wuta. Alexander kuwa tun Alhamis ya cika wa rigarsa iska, Allah ya isa!

Yanzu likita ya ce hannun ya fara ruɓewa, dole a yanke daga gwiwar hannu kafin Juma'a, in ba haka ba rai za a rasa. Suna son babba ya sa hannu. Sau biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa, wallahi na kasa. Shi ya sa na ba direban motar Katsina wannan takarda, don Allah ka biyo motar. Hafizu bai san za a yanke ba. Ɗazu ma yake cewa in tono masa zartonsa cikin toka, wai saura benci huɗu na Fada, kada a ce ya saɓa alkawari. Na ce masa to.

Ka gaida Hajjo da Zaituna da Baba Hassan. Ka gaida Iya, amma ka ce mata zazzaɓi ne.

Ƙanwarka,
Mashkura