Ƙwayoyin Da Na Ba Garba

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san wagga takarda ba za ta iske ka ba. Ko kabarinka ba ni iya zuwa, tun da ruwan madatsa ya hau ya rufe gungunmu, tsibirin da muka zauna, da maƙabarta, da fadamar albasarka. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa, shi ya sa na ɗauko ɗan rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci, wanda kake yi mini dariya a kai.

An tashe mu bayan rasuwarka. Yanzu muna sabon ƙauye kusa da Yelwa, cikin ɗakunan siminti masu zafi da gwamnati ta gina. Innarka na nan, ƙafa ce kawai ke damunta. Ƙanenka Mamman ya karɓi kwalekwalenka, yana samun kifi karfasa ba laifi. Ruwan ne ba irin wanda ka sani ba. Ba ya gudu, Malam. Kwance yake, ciyawa ta cika bakinsa. Nan muke wanki, nan muke ɗiba, nan yara ke wuni.

Zancen autanmu Garba ne ya sa na rubuto. Yana fitsarin jini. Da farko kowa ya ce tsargiya ce, wane yaro ne bai yi ba, ai alamar girma ce. Sai cikinsa ya fara tasowa, hannuwansa suna ƙanƙancewa, yana barin tuwo a kwano. Na san wannan cikin, Malam. Ni na shafa maka mai a kan irinsa. Ni na riƙe maka tasa ran da ka yi aman jini.

Da kaka wasu likitoci sunka zo cikin jirgi mai inji. Sunka karɓi fitsarin yara da bayan gidansu a 'yan kwalabe, sunka nuna mana katantanwar bakin ruwa, wai daga jikinta tsutsa ke fitowa ta shige fatar mutum. Mutane sunka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Cikinsu akwai wani malamin asibiti, mutumin Shanga, shi ya ja ni gefe. Bai ɓoye mini komi ba. Ya ce allurar da anka saba yi ta fi ƙarfin Garba yadda ya rame. Akwai sabon magani, ƙwayoyi, amma har yanzu gwada shi ake yi. Wasu sun warke, wasu kuma yana taɓa musu kai. Ya ce, ba mu tilasta miki, Hajo, ki yi shawara.

Wallahi da sun tilasta mini da ya fi mini sauƙi.

Da wa zan yi shawarar? Inna ta ce jikanta ba akuya ba ne da za a gwada magani a kansa, ta jiƙa masa sassaƙe. Mamman ya sunkuyar da kai, ya ce ke kika haife shi. Ɗan maƙwabciyata Tani ya sha, fitsarinsa ya washe, ga shi can yana jan taru da manya. Wani yaro a unguwar gabas ya sha, ya fita tsirara ya nufi ruwa, sai da maza sunka danne shi. Wanne ne rabon Garba? Kai ke yanke irin wannan a gidan nan. Ka tafi ka bar ni da shi.

Na yarda, Malam. Na tuna tasar nan, na yarda. Da hannuna nake ba shi, da kunu. Inna ta daina yi mini magana, ko gaisuwata ba ta amsawa.

Kwanakin farko amai kawai ya yi, na ce da sauƙi. Tun jiya da hantsi kuma ya fara magana da kai. Yana kallon bakin ƙofa yana murmushi, yana cewa Baba ya kawo jirgi, a ba shi filafilin tuƙi. In na taɓa shi sai ya dube ni kamar baƙuwa. Dama malamin asibitin ya ce in na ga haka in tsayar da maganin in aika masa. Na tsayar. Mamman ya tafi Yelwa kiransa tun da safe, ga la'asar ta wuce, bai dawo ba. Sauran ƙwayoyin na ƙulle a bakin zanena. In na ba shi, hankalinsa. In na hana, cikinsa. Ina zan sa kaina?

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Na yi fushi da kai. Har kana kwance ina jinyarka ina fushi, don na roƙe ka mu je asibiti tun kana iya tafiya da ƙafarka, ka ce ruwa ya raine ka, ba zai cuce ka ba. Kuma ban taɓa gaya maka cewa kullum da yamma nakan bar daka in saurari ƙarar filafilinka a jikin jirgi ba. Cikin na mutane duka ina gane naka. Kunya ta hana ni faɗa.

Na binne 'ya'ya biyu kafin kai, ban yi maka kuka a gaban mutane ba. Wannan ba zan iya ba. Na yi salla, na roƙi Allah har ban san abin da nake faɗa ba. Na san matacce ba ya zuwa, na san maganin ne ke sa Garba ganinka. Duk da haka ina roƙonka. Ka san shi, bai taɓa ƙin bin ka ba, ko ina za ka. In da gaske kai ne yake gani a bakin ƙofa, kada ka miƙa masa hannu. Ka ɗaure fuska irin yadda kake yi in ya biyo ka bakin ruwa, ka ce ya koma gida, innarsa na kira.

Ga shi ya motsa, bari in je. Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta.

Ni ce matarka,
Hajo